Matakin Gefen Mai Zaman Banza

Mai Awo ake ce masa a unguwar, don ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana awon filaye da hanyoyi kafin ya yi ritaya. Dogo ne sosai, irin wanda sai ya sunkuyar da kai yake shiga ɗaki, kuma ko hoto ya gani a bango ya ɗan karkace, ba zai iya zama ba sai ya tashi ya daidaita shi, ko da a gidan mutane ne. Matarsa kuwa, Malama, wadda ta koyar a firamare har ita ma ta ajiye aiki, gajeriya ce, kanta bai wuce aljihun rigarsa ba. 'Ya'yansu duk sun watse, aure da aiki sun kwashe su, sai Auta kaɗai da ke kusa. Tana aikin gwajin jini a wani asibiti, tana kuma leƙo su duk ƙarshen mako.

Suna da wata tsohuwar jif ruwan toka da yara suka raɗa wa suna Giwa tun suna ƙanana. Da ita Mai Awo ya keta dazuka da ƙauyuka lokacin yana aiki. Sa'ad da ya sayo ta ba ta da matakin gefe, sai da Malama ta sha ɗane-ɗane, wata rana har zanenta ya yage a gaban iyayen ɗalibanta, ta rantse ba ta ƙara shiga motar da sai an yi dambe da ita. Cikin makon ya kai Giwa gareji aka ɗaura mata matakai na ƙarfe masu faɗi, ɗaya a kowane gefe, ya tsaya a kan masu aikin da ma'auninsa har sai da ya tabbatar babu wanda ya fi wani tsawo. Tun daga nan Malama take hawa abinta kamar sarauniya.

A farkon wannan shekarar ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mai Awo. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo ko da yake maganar tana ɗan jan ƙafa, hannu ma ya fara motsi, amma ƙafa ɗaya ta ƙi ɗaukar nauyinsa ita kaɗai. Aka ba shi sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu da yake turawa a gabansa, aka ce ya riƙa zuwa asibiti gashin ƙashi. Tuƙi ya koma hannun Malama, wadda sai ta ɗora matashi a kujera take hango hanya, shi kuma ya koma kujerar mai zaman banza, sunan da tun yana da lafiya ba ya son ji.

Zuwansu gashi na farko aka samu matsala. Likitar gashin ta koya masa yadda zai shiga mota: ya juya baya, ya ja da baya har ƙafafunsa su taɓa kujera, ya zauna, sannan ya shigar da ƙafafun. Da safe a gida wani maƙwabci ne ya taimaka aka sa shi, ba a lura da komai ba. Amma da aka tashi komawa, a bakin ƙofar asibiti, cikin mutane, ya ce a bar shi ya gwada da kansa. Ya juya, ya ja da baya, sai gwiwar ƙafar nan ta lanƙwashe. Da ba don maigadi da wani mai wucewa sun tare shi ba, da ya kai ƙasa. Suka cicciɓe shi suka ɗora a kujera kamar buhu.

Daga ranar bai sake taka tsakar gida ba. Yau ya ce kansa na ciwo, gobe ya ce rana ta yi zafi, jibi ya ce motsa jikin da ake yi a can ai zai iya yinsa a falo. In abokansa sun zo dubiya, sai ya ce a ce musu yana barci. Malama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa shi da babban ɗansu a waya, duk a banza.

"Ina zan je?" yake cewa. "Duk inda ake zuwa na je. Ki bar ni in huta."

Ita dai ta san ruwa ba ya tsami banza, amma ta ɗauka kunyar faɗuwar ce kawai. Sai wata safiya tana wanke Giwa, ta buɗe ƙofar gefensa don ta goge kujera, wani tunani ya zo mata. Ta ajiye tsumman, ta juya baya kamar yadda likitar ta nuna, ta fara ja da baya a hankali. Ba ta kai ko kusa da kujerar ba ƙarfen matakin ya doke ta a bayan gwiwa. Ta waiga. Tsakaninta da kujerar akwai tazarar da ta fi taƙi. Mai lafiya zai taka matakin ya haye, amma wanda ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaukarsa, ba ya iya takawa, ba ya kuma iya tsallakewa. Ta tuna wani tabo baƙi da ta gani a sha-raɓarsa kwanaki tana shafa masa man zafi, ya ce mata gefen gado ne ya buge shi.

Ta daɗe a tsaye da hannu a ƙugu tana kallon matakin. Sannan ta ɗauko waya ta kira Auta.

Ranar Asabar da hantsi Auta ta iso, ta gaishe da mahaifinta a falo, ta fito ta sauya kaya ta sa wani tsohon wandon yayanta da riga mai dogon hannu. Malama kuma ta lallaɓa ɗakin ajiya ta jawo akwatin kayan aikinsa. Kowace sifana tana kwance a wurinta bisa tsari, daga ƙarama zuwa babba, an lulluɓe su da ƙyalle mai maiƙo.

"Mama, Baba ya sani kuwa?" Auta ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Zai sani in ya ji ƙara."

"Ni fa ban taɓa kwance ko notin keke ba."

"Ke da kike samo jijiya a hannun jariri, noti ne zai gagare ki? Shiga, ni gwiwata ba ta lanƙwasuwa."

Suka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, Auta ta kwanta rigingine ta ja jiki ta shige, Malama ta durƙusa da ƙyar tana haska mata fitilar waya. Matakin yana riƙe ne da wasu ƙarafa masu kama da hannu da aka ɗaure a jikin shasi, wato ƙarfen ƙarƙashin motar, kowanne da notunansa, duk sun yi ja da tsatsa da busasshen taɓo. Auta ta zaɓi sifanar da ta ga kamar za ta yi, ta sa, ta ja da ƙarfi. Sifanar ta zame ta doki ƙarfe, ƙarar ta cika gidan. Ta sake, ta sake zamewa.

Labulen tagar falo ya motsa.

"Wa ke taɓa mini akwatin sifana?"

"Ɓeraye ne," in ji Malama, ba ta ko ɗaga kai ba.

Auta ta sake gwadawa, sifanar ta kuma kuɓucewa.

"Ke! Wannan ta yi wa notin yawa! Za ki cinye masa kai!"

"Baba, wacce zan ɗauka?" Auta ta ɗaga murya daga ƙarƙashin mota.

"Ta kusa da ita, ƙarama! Ba wannan ba, ina jin ƙararta, ba ita ba ce! Kai, wannan wace irin ɓarna ce da rana tsaka?"

Labulen ya koma. Can sai suka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandar ƙarfe a kan siminti, ana tura ta ana jan ƙafa. Ƙofar falo ta buɗe. Mai Awo ne tsaye da doguwar rigar barci, yana ƙyafta ido saboda hasken da ya daɗe bai shiga ba. A bakin barandar akwai ɗan tudu da sai an sauka kafin a taka tsakar gida. Malama ta yunƙura za ta ruga ta tare shi, sai ta ji an damƙe mata idon sawu. Auta ce ta miƙo hannu daga ƙarƙashin mota.

"Ki bar shi, Mama," ta raɗa mata.

Ya sauke sandar, ya bi ta da ƙafar mara ƙarfi, ya tsaya yana numfashi, sannan ya sauko da ɗayar. Bai kalli kowa ba sai da ya iso gaban motar.

"Wa ya ce a cire?"

"Ni ce," in ji Malama.

"Me ya yi miki? Shekara da shekaru kina takawa, yau kuma ya zama abokin gaba?"

"Ni bai yi mini komai ba. Kai ya yi wa."

Ya kalli matakin, ya kalli matarsa, zanenta duk ƙura, gilashinta ya zamo kan hanci. Ita ma ta tsare shi da ido irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ce ta cinye masa littafi. Shi ya fara kawar da kai.

"To," ya ce a hankali. "In dai ɓarnar za a yi, a yi ta da kyau. Kawo mini kujera."

Ta kawo farar kujerar roba ta ajiye masa a inuwar bango, inda zai iya hango ƙasan motar in ya ɗan karkata. Yana zama ya zama wani mutum daban. Ya sa aka ɗauko buroshin ƙarfe aka kankare taɓon, aka zuba kananzir a kan kowane noti, ya ce a ba shi lokaci ya jiƙa. Auta ta ce ita ta gaji da kwanciya, ya ce tsatsar da ta yi shekara da shekaru tana taruwa ba ta san gaggawa ba. Ya sa ta ɗan bubbuga kan notin da guduma, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Sannan ya aiki Malama bayan ɗakin girki ta ɗauko wani guntun bututun ƙarfe, aka zura ƙotar sifanar a ciki don hannu ya ƙara tsawo.

"Yanzu ja. Ba nan ba, can kike ɗaurewa! Ɗaya wajen. Sannu a hankali, kada ki fizga."

Auta ta cije leɓe ta ja. Notin ya yi wani kuka mai tsawo kamar tsohuwar ƙofa, ya juya.

"Ya tafi! Baba, ya tafi!"

"Ai dole ya tafi. Miƙo shi nan."

Ya sa aka kawo masa wani gwangwanin madara da babu komai a ciki, ya ɗora a cinya, duk notin da ya fita sai ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya jujjuya shi a haske, ya jefa. Malama ta lura har hannun mara ƙarfin ya sa yana tallafe gwangwanin, abin da likita ta sha fama da shi ya yi ya ƙi. Ta ci gaba da haska fitila, in ta haska inda ba daidai ba uba da 'ya su haɗu su yi mata ca.

"Mama, idona kike haskawa!"

"Malama, noti ake nema, ba hancin yarinya ba."

"To ku ba ni haƙuri, ni alli na sani."

A haka suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har Auta ta goge bayan hannunta a jikin ƙarfe ya ɗan yi jini, ta tsotse ta ci gaba. Matakin ya saki daga gaba, ya saki daga tsakiya, ya rage riƙon baya. Nan tsugunne ba ta ƙare ba. Notin ƙarshe ya haɗe da ƙarfen ya zama abu ɗaya. Aka ƙara kananzir, aka buga, aka ja da bututu har Auta ta ɗaga daga kan kwalin, kan notin ya mulmule ya zama kamar tsakuwa, sifana ba ta da inda za ta kama.

"Wannan sai wuta," in ji Mai Awo. "Je ki ƙarshen layi ki kira mai walda, ki ce ya zo da injin yanka."

Malama ta yafa mayafi ta fita. Auta ta jawo jiki ta fito, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifinta, ta jingina da tayar mota. Fuskarta duk baƙin maiƙo ne. Ya daɗe yana kallon gwangwanin da ke cinyarsa.

"Kin san abin da maigadin asibitin nan ya ce mini ranar?" ya ce. "Wai, sannu tsoho, ka daina wahalar da kanka."

"Baba, ai tsohon ne."

"Ke ma kin bi bayansa?"

"Ni ban ce ka daina ba. Tsoho kawai na ce."

Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi sosai.

"Motar nan na haye koguna da ita. Akwai inda na kwana a cikinta ina jiran ruwa ya janye. Sai ga shi wai shiga cikinta ya gagare ni, uwarki na tsaye tana kallo, ba ta da ƙarfin ɗaga ni."

"Me ya hana ka gaya mata matakin ne?"

"Nata ne. Don ita aka sa. In ce a cire mata?"

Auta ta ɗora kanta a gwiwarsa na ɗan lokaci, ta bar masa tabon maiƙo a farar riga. Ya gani, bai ko goge ba.

Mai walda ya shigo da sallama, wani ƙato mai fara'a, injin a kafaɗa, waya a naɗe a hannu.

"A'a, Baba, yau kai ne a waje? Barka da fitowa! Ashe Giwa ce za a yi wa tiyata."

"Ita ce. Notin baya kawai za ka yanke. Ka kula da bututun mai, yana nan kusa."

"Na gan shi, Baba."

"Ka sa kwano ka kare shi duk da haka."

Mai walda ya yi dariya ya sa kwanon. Aka jona waya, injin ya ɗauki ƙara, tartsatsi ya riƙa feshi daga ƙarƙashin mota, Malama ta ja baya tana toshe kunne. Ba a jima ba matakin ya faɗo ƙasa tim, busasshen jan taɓo ya zubo daga cikinsa tuli guda. Mai walda ya goge bakin inda ya yanke don kada ya yanki mutum, ya ce a shafa fenti kafin damina, sannan ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Ɗayan gefen fa, Baba? Tunda na riga na jona, in sauke shi?"

"Sauke shi mana," Mai Awo ya ce ba tare da wani tunani ba. "Mota ai ba ta yawo da kunne ɗaya. Dubi yadda ta koma, kamar an yi mata aski an bar rabi."

Auta ta kalli uwarta. Malama ta gyara gilashi.

"To, a sauke," ta ce. "Amma bari in gwada in ga yadda zan riƙa yi."

Ta tako gefen da aka cire, ta buɗe ƙofa, ta tattare zane, ta kama mariƙin da ke sama da hannu biyu. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta yi tsalle, ta ɗora gwiwa a bakin ƙofa, ɗayar ƙafar tana lilo a iska, takalminta ya fice ya faɗi. Ta maƙale a nan, ba ta shiga ba, ba ta sauko ba.

"Auta, turo ni! Ke, turo ni mana, dariya kike yi?"

Auta ta durƙushe tana riƙe ciki. Mai walda ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa na rawa. Sai kuma aka ji wata dariya mai kauri, a karkace, wadda gidan ya yi watanni bai ji ba. Mai Awo ne, har gwangwanin ya zame daga cinyarsa, notuna suka watse a tsakar gida. Ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun riga.

"Sauko da ita kafin ta karye," ya ce da ya samu numfashi. "Kai kuma naɗe wayarka. A bar mata nata."

"Kunne ɗayan fa, Baba?" in ji mai walda.

Mai Awo ya runtse ido ɗaya ya auna motar daga gaba, ya yamutsa fuska kamar wanda ya sha maganin ɗaci.

"Ta gefe zan riƙa kallonta."

Da mai walda ya tafi, Malama ta ce wa Auta ta tsince notunan ta shiga ta yi wanka. Auta ta gane, ta kwashe akwatin sifana ta shige ciki, ta ja ƙofa. Tsakar gidan ya rage su biyu. Malama ta tura kujerar motar baya iyakarta, ta buɗe ƙofar sosai, ta tsaya a gefe ta harɗe hannuwa a baya don kada su yi abin da ba a sa su ba.

Ya miƙe daga kujerar roba, ya tura sandar har bakin motar, ya juya a hankali. Ya ja da baya kaɗan, ya tsaya, kamar yana jiran ƙarfen ya doke shi. Babu abin da ya doke shi. Ya ƙara ja, sai ya ji gefen kujerar ya taɓa bayan cinyarsa. Tsayinsa ya yi masa rana, don kujerar daidai ƙugunsa take. Ya dafa jikin ƙofa, ya saki nauyinsa, ya zauna. Sannan ya sa hannu ya ɗago ƙafar mara ƙarfi ya shigar, ɗayar ta bi ta da kanta.

Ya zauna yana kallon gaba. Ya shafa gaban motar da tafin hannu, ya duba yatsunsa ko akwai ƙura.

"Yaya?" in ji Malama.

"Kin bar mai ya yi ƙasa."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Lafiya lau," ya ce. "Lafiya lau, Malama."

"To mu gwada sauka?"

"Wace sauka? Tunda na hau, sai an kai ni wani wuri."

"Da rigar barci?"

"Doguwa ce, wa zai sani?"

Ya sauke abin kare rana don ya duba madubin da ke jiki, sai ya yi turus. Gashi ya taru masa fari fat ya rufe kunnuwa, gemu ya bazu ko'ina.

"Subhanallahi. Wa ya bar ni haka?"

"Wanda ya ce kada a kira masa kowa."

"Kai ni wajen mai aski."

Ta naɗe sandar ta sa a baya, ta zagaya gefenta, ta taka matakinta ta haye, ta gyara matashi. Auta ta leƙo ta taga da tawul a kai, ta fito da gudu ta buɗe musu ƙofar gida, ta tsaya tana ɗaga hannu kamar masu tafiya wata ƙasa.

A hanya bai bar ta ta huta ba. Wai ta daɗe a giya ɗaya, ta matse wa mai keke, ta shiga ramin da ko makaho ya san da shi. Ita kuwa sai "to" take cewa, tana murmushi. Tsakanin faɗa da faɗa yana leƙen titi, yana tambaya yaushe aka rushe wancan shagon, wa ya gina wannan katangar a karkace haka.

Shagon askin ƙarami ne, da ƙofar gilashi da benci a ciki, kuma mai shi tsohon abokinsa ne, sun fi shekara talatin yana yi masa aski suna musu a kan ƙwallo da siyasa. Malama ta tsaya daidai bakin ƙofa, ta kawo sandar. Mai Awo ya juyo da ƙafafunsa waje, ya zame kaɗan, tafin ƙafarsa ya samu ƙasa kai tsaye. Ya miƙe.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya tsaya yana kallonsa daga sama har ƙasa. Bai ce sannu ba, bai miƙo hannu zai tallafe shi ba.

"Na ɗauka ka koma wani shagon ne," ya ce.

"Na so komawa. Na rasa wanda ya kai ka iya ɓata kai."

"Shigo, shigo. Wannan dajin da ka tara sai na yi hayar masu sara. Ku matsa masa, ku ba shi hanya."

Tsofaffin da ke kan benci suka hau hayaniya, wannan na ja, wancan na tsokana. Aka zaunar da shi a kujerar aski, aka yafa masa farin ƙyalle. Malama na tsaye a bakin ƙofa da jaka a hannu, tana neman inda za ta raɓe.

"Malama, je ki abinki," ya ce mata ta cikin madubi. "Ki dawo anjima. Kada ki yi sauri."

Ta fito ta shiga mota, ta tayar, ta juya ta koma ɗaya gefen titin. A nan ta tsaya, don ta rasa inda za ta. Tun da ciwon nan ya zo ba ta taɓa samun sa'a guda da ba ta sauraron kiransa ba. Ta tuna akwai ƙanwarta da ta daɗe ba ta leƙa ba, akwai kuma tela da ke riƙe da ɗinkinta tun kafin a kwantar da shi. Ta sa hannu a giya, ta kuma janye.

Ta cikin gilashin shagon tana hango shi. An karkatar masa da kai gefe, farin gashi na zuba a kan ƙyalle, shi kuwa ya fito da hannu daga ƙarƙashi yana nuna wani tsoho da yatsa, da alama musu ya kankama. Mai aski ya mayar da hannun ciki, ya sake fitowa.

Malama ta kashe motar. Ta sauke gilashi iska ta shigo, ta cire takalma, ta kwantar da kujera baya kaɗan, ta ci gaba da kallo.